Gargaɗi ga masu sayen dutsen jed ta intanet

A yi hattara da wasu 'yan kasuwa a shafukan sada zumunta da ke tallar awarwaro da sarƙoƙin koren dutsen nan na jed, suna haɗa kowane kaya da takardar shaida mai ɗauke da zanen layuka, wai an gwada shi da na'urar awon haske a ɗakin bincike. Da wannan takarda ake damfarar mutane, domin mai saye yakan ga zanen ya saki jiki ba tare da ya san abin da aka auna ba.

A al'adance ma'adinai biyu ne ke amsa sunan jed, kamar yadda Bafaranshe Alexis Damour ya bambance su a 1863: jedayit, wanda mafi kyawunsa ke fitowa daga Hpakant a jihar Kachin ta ƙasar Miyanmar, da kuma nefirayit. Wanda ya sayar da gilashi ko dutsen safantin (wani dutse mai kama da jed) da sunan jed bai da wuyar kamawa, domin a na'urar Raman, wadda ke haska dutse ta fitar da irin wannan zanen layuka, jedayit na nuna babbar alamarsa kusa da lamba 700 a ma'aunin zanen, nefirayit kuwa kusa da 674.

Damfarar da ta fi tayar mini da hankali ita ce wadda ake yi da jedayit na gaske amma maras daraja. Ana jiƙa shi a cikin asid har dattin cikinsa ya fita, sannan a cike ramukan da asid ɗin ya bari da ƙaron roba, ya fito yana sheƙi. Wannan shi ne rukunin B a wajen 'yan kasuwar, wanda aka rina kuma rukunin C. Tun da dutsen jedayit ne, alamar 700 za ta fito daram, takardar kuma ta ce “jedayit na asali” ba tare da ta yi ƙarya a fili ba. Abin da ke tona asirin robar shi ne awon infirared (wani haske da ido ba ya gani), inda take bayyana tsakanin lamba 2800 da 3100, kuma wannan sashen ne mayaudaran ke yankewa daga zanen. Rini shi ma yana da tasa shaidar: yana shan haske a faffaɗan zango tsakanin nanomita 630 da 670 (nanomita ma'aunin tsawon igiyar haske ne), alhali koren asali da sinadarin kuromiyam ke haifarwa siraran layuka yake nunawa. Wanda ya sayi irin wannan dutse zai ga yana komawa ruwan ɗorawa bayan shekaru, ga shi kuma asid ya riga ya raunana shi.

Kafin ku biya ko sisi, ku nemi lambar rahoton ku duba ta a shafin cibiyar da aka ce ta bayar da shi, kamar GIA (cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka), ku tabbatar nauyi da hoton da ke ciki sun yi daidai da kayan, kuma an rubuta ƙarara cewa ba a sami roba ko rini ba. Idan mai sayarwa ya ƙi yarda ku kai dutsen wani ɗakin bincike bisa sharaɗin mayar da kuɗi, kada ku tura masa komai.