Zagayen for ko ifelse? Amsa ga mai rarraba awon damtsen yara a R

Malama, kin ce kina da awon damtsen yara 'yan wata 6 zuwa 59 da aka tattaro a Rigasa da Tudun Wada, kina son R, harshen kwamfuta na nazarin bayanai, ya raba miki su bisa launukan tantance tamowa: ƙasa da santimita 11.5 ja, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya, daga 12.5 zuwa sama kore. Kin ɗora if, umarnin gwada sharaɗi, a kan jerin gaba ɗaya ya ƙi. Wani ya ce ki yi zagayen for, wani ya ce ifelse, kina tambayar wanne ya fi.

Abin da ya sa ya ƙi shi ne, if amsa ɗaya tak yake karɓa, ko TRUE ko FALSE. A da gargaɗi kawai yake yi, ya duba yaron farko ya ƙyale saura. Daga R 4.2.0 na 2022 aka mai da abin kuskure mai tsayar da aiki, kuma gara haka.

Zagaye yana bin yara ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa:

launi <- character(length(damtse))
for (i in seq_along(damtse)) {
if (damtse[i] < 11.5) launi[i] <- "ja"
else if (damtse[i] < 12.5) launi[i] <- "rawaya"
else launi[i] <- "kore"
}

Ɗayan kuwa jerin duka yake kallo lokaci guda:

launi <- ifelse(damtse < 11.5, "ja", ifelse(damtse < 12.5, "rawaya", "kore"))

Ni na biyun zan ba ki shawara, amma ba don sauri ba. Gaskiya ne gwajin damtse < 11.5 a cikin harshen C yake gudana, shi ya sa ya fi hanzari. To amma tun R 3.4.0 na 2017 zagaye ya rage nawa, kuma a kan 'yan dubban layuka ba za ki ma lura da bambanci ba. Dalilina shi ne launin kowane yaro bai dogara da na wani ba, don haka babu amfanin riƙe i da ƙirga matsayi, inda nan ne kuskure ya fi shiga. Kada kuma sapply ko Vectorize su ruɗe ki, su ma ɗaya-ɗaya suke bi, a ɓoye ne kawai.

Inda nake so ki natsu shi ne yaron da ba a auna ba, wanda gurbinsa NA ne, wato alamar babu bayani. Zagaye yana isowa kansa zai tsaya cak da kuskure, sai kin ƙara masa is.na tun farko. ifelse zai bar shi NA ya wuce, kuma daidai ne, tunda ba a san halinsa ba. Haɗarin yana wurin case_when na dplyr, wani kunshin da ake ƙara wa R, wanda nan gaba za ki so shi saboda ya fi daɗin karantawa idan sharuɗɗa sun yi yawa. Idan kika rufe shi da TRUE ~ "kore", duk yaron da ba a auna ba zai faɗa kore, babu ko gargaɗi. Ke nan yaro mai yiwuwa yana fama da tamowa, rahoto ya ce lafiyarsa lau. Rubuta damtse >= 12.5 ~ "kore" ƙarara, ki bar NA a matsayinsa. Bayan nan ki gudanar da table(launi, useNA = "always") ki ga ko adadin NA ya zo daidai da na asali.

Shi ma ifelse yana da aibu. In kika ba shi kwanan wata, misali ranar dawowa awo, zai mayar miki da lamba tsura, wato yawan kwanaki tun daga 1 ga Janairu 1970. A nan if_else na dplyr ko fifelse na kunshin data.table ake so, don suna kiyaye kwanan.

Zagaye kuma yana da ranarsa: duk lissafin da na yau sai an san na jiya. A ce kina bin ragowar abincin tamowa a ɗakin ajiya, da sharaɗin in ya sauka ƙasa da wani adadi a ƙaro kaya. Da tarawa ce kawai, cumsum ya isa, amma wannan sharaɗin yana canza abin da gobe za ta tarar, don haka sai for. In za ki yi shi, ki tanadi jerin da tsawonsa tun farko kamar yadda na yi a sama da character, kada ki riƙa liƙa masa da c a kowane zagaye, domin hakan yana sa R kwafe jerin duka kowane lokaci.