Abin da na gani bayan wata biyar ina kwas ɗin AWS

Shekarata takwas ina aikin IT a wani kamfani a nan Kano, ni ke riƙe da makullin ɗakin saba (manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan kamfani), wuta ta ɗauke ni za a kira, batirin inbata ya yi sanyi ni za a kira, ko ranar sallah ce. To ranar da oga ya ce za a kwashe imel da manhajar lissafin kuɗi a mayar da su kilawud, wato sabobin haya na wani kamfani da ake shiga ta intanet, wallahi gabana sai da ya faɗi, don abin da ya zo min a rai shi ne in babu injin da za a gyara to me zan zauna yi.

Wani abokina ne ya ce in daina ɓacin rai in buɗe Skill Builder, shafin koyo na AWS (sashen kilawud na kamfanin Amazon), in fara da kwas ɗin Cloud Practitioner Essentials, kyauta ne ba ko sisi sai kuɗin data. Gaskiya kwas ɗin ya yi min, bayanin a hankali ake yinsa, kuma abin da ya ban mamaki shi ne rabin abin na riga na sani, suna kawai aka canza masa. VPC ashe netwok ɗin nan ne da nake jan wayarsa da hannu, EC2 saba ce ta haya, S3 ma'ajiya. Wanda ya iya raba IP kuma yana taɓa Linux ba daga farko zai fara ba sam.

Daren da na ɗaga sabata ta farko ba zan manta ba, ina zaune a tsakar gida kan tabarma laftof a cinya, na zaɓi yankin Cape Town, wato cibiyar injinan AWS da suka buɗe a can a 2020, na danna, ko shayin da ke gabana bai huce ba na riga na shiga cikinta. Ni da na saba rubuta takardar neman kuɗi, a sa hannu, a jira makonni kafin inji ya iso daga Legas. A nan na gane aikin yana nan, wurin yinsa ne ya canza, yanzu abin da oga ke tambayata shi ne wa aka ba izinin shiga ina, an yi bakof kuwa, me ya sa bil ɗin wannan watan ya hau.

Maganar bil kuwa a kula, na taɓa barin wata babbar saba a kunne kwanaki na manta, aka cire min daloli a kati, laifina ne don ban saita Budgets, tsarin AWS mai lura da kuɗin da ake kashewa, ya riƙa turo min gargaɗi ba. Ku fara saita shi tun ranar farko don Allah.

Jarabawar samun satifiket ɗin Cloud Practitioner dala 100 ce, tambaya 65 cikin minti 90, ana neman maki 700 cikin 1000, satifiket ɗin kuma shekara 3 yake yi. Biyan ma sai da na sha wahala, katin bankina ya ƙi, sai ɗan'uwana ne ya biya min. Ana iya rubutawa daga gida da kyamara a kunne amma ni cibiya na je, ban yarda da wuta da netwok ɗin unguwarmu ba.

Sai dai kar wani ya ɗauka wannan takardar kaɗai za ta ba shi aiki, matakin farko ce, sanin sunaye da yadda ake cajin kuɗi ta fi koyarwa, hannu kuwa sai ka zauna ka gina ka rushe da kanka. Yanzu jarabawar Solutions Architect matakin Associate na sa gaba, ita dala 150 ce amma tunda na ci ta farko sun ba ni rangwamen rabi, bayan azumi nake son zama in sha Allah.