Karatun lauya a Amurka: a yi lissafi kafin a sayar da fili

Iyaye da 'yan uwa na Kano, gaisuwa daga Amurka. Ga yadda harkar karatun lauya take a nan, don masu shirin turo yaro.

A gida, yaro yana gama sakandare sai ya shiga Jami'ar Bayero ya yi shekara 5, ya ƙara shekara guda a makarantar horas da lauyoyi, wataƙila ma a reshenta na Bagauda, a rantsar da shi, ya tafi bautar ƙasa. A nan kuwa sai ya yi digirin farko na shekara 4 a wani fanni, sannan ya nemi gurbin JD, wato digirin lauya na Amurka, na shekara 3, mafi yawa da jarrabawar shiga makarantar lauya da ake kira LSAT. Manyan makarantu irin su Harvard da Kolombiya suna karɓar fiye da dala 70,000 a shekara, ban da haya da abinci da inshorar lafiya. Fita da bashin da ya haura dala 100,000 ba abin mamaki ba ne.

Bashin nan ne matsalar. Rancen gwamnati ba na mai bizar karatu ba ne. Baƙo sai banki, galibi da mai tsaya masa a nan, ga kuɗin ruwa yana hawa tun yana aji, abin da Musulmi ba zai kau da kai a kansa ba. Ko jarin mutum ya karye, da wuya kotu ta yafe bashin karatu.

Albashi kuma hawa biyu ne. Manyan kamfanonin lauyoyi suna fara biyan sama da dala 200,000 a shekara, amma daga fitattun makarantu da sahun gaba na aji suke ɗiba. Saura da yawa ba sa samun ko rabin haka. A kula da tallafin karatu mai sharaɗin maki: ana raba maki ne da gasa tsakanin 'yan aji, dole wasu su faɗo ƙasa, tallafin ya tafi a shekara ta biyu. Bayan kammalawa izinin aiki wata 12 ne, daga nan sai bizar aiki ta H-1B, gurbi 85,000 a shekara, masu nema sun ninka haka.

A ganina hanya mai sauƙi ita ce yaro ya gama a gida, ya zo ya yi LLM, wato digiri na biyu a fannin shari'a, na shekara guda. Tushen dokar Najeriya da ta Amurka ɗaya ne, daga Ingila, shi ya sa jihar New York take barin irin waɗannan su zauna jarrabawar zama lauya, Kalifoniya ma tana karɓar wanda aka riga aka rantsar a ƙasarsa. Wanda kuma ya yi JD da niyyar komawa Kano, ya sani ba zai tsaya gaban alƙali ba sai ya fara yin Bar Part I, wato zangon farko na makarantar horas da lauyoyi don waɗanda suka yi karatu a waje, sannan ya bi sahun 'yan gida a zangon ƙarshe.