KAUST ko KFUPM: wacce ta fi dacewa da yaranmu?

Iyaye Hausawa a Makka da Jidda kan tambaya inda yaro mai son binciken kimiyya zai nufa. KFUPM, wato Jami'ar Sarki Fahd ta Man Fetur da Ma'adinai da ke Zahran a gabashin Saudiyya, ita ce babba a shekaru. Tun 1963 aka kafa ta, maƙwabciyar hedikwatar kamfanin mai na Aramco ce, kuma kamfanoni irin su Halliburton da Baker Hughes suna da cibiyoyin bincike a gefenta. Mai son injiniyancin mai da gas, can ne gidansa.

KAUST kuwa, wato Jami'ar Sarki Abdullah ta Kimiyya da Fasaha, sai 2009 aka buɗe ta a Suwal, bakin Bahar Maliya, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda. An gina ta ne domin karatun digiri na biyu da na uku. Ita ma tana aiki da Aramco da kamfanin sinadarai na SABIC, amma hankalinta ya fi karkata ga tace ruwan teku, wutar hasken rana da noma a sahara. Ni nan ta fi burge ni, domin ƙasar da ba ta da kogi, ruwan sha ne matsalarta kullum. Ga kusa da gida, uwa ba za ta ce Zahran ta yi nisa ba.