Gargaɗi ga masu harkar babur: an cuce ni dubu 900 a kan wata tsohuwar Basfa

Jama'a ku karanta wannan har ƙarshe dan Allah, musamman ku 'yan uwana dillalan mashin na yankin Ringim da Garki da Gumel har Maigatari. Naira dubu 900. Dubu ɗari tara cif aka raba ni da su da rana tsaka, ina kallo, har ina yi wa mutumin godiya. Tun da abin ya faru ko barcin kirki bana yi, matata sai tambaya take ko ba ni da lafiya ne.

Kuma kafin wani ya zo yana ce min kwaɗayi ne ya ja min, ku sani ni ba yaro ba ne a wannan sana'a. Tun ana yayin Jincheng nake saye da sayar da babur, har Boxer ta zo ta mamaye kasuwa, lokacin da aka hana acaɓa a Kano a 2013 mu muka riƙa kwaso mashina muna kawowa ƙauye. Inji in ya sha wuya daga ƙararsa nake ganewa. Wannan shiri ne aka zauna aka tsara, wallahi ko wane ne sai ya faɗa.

Mutumin nan fa da ni ya yi sallar azahar. Kafaɗa da kafaɗa. Wannan shi ne abin da ya tsaya min a rai. Da muka idar ya riƙe hannuna yace "Malam, kayan marayu ne, ni ko sisin la'ada ba zan karɓa ba, a dai rabu lafiya." Ba zai karɓi la'ada ba! Dillali ne zai ce ba ya son la'ada, to ka faɗa min wa zai zarge shi.

Bari dai in koma baya. Wani ne ya fara kirana a waya, murya irin ta manya, yace shi Alhaji ne a Abuja, ya ga lambata a wani hoton mashin da na sa a Facebook. Yace shi tara tsofaffin babura yake na tarihi, yana da Honda Benly da Roadmaster da ƙaramar Honda 50 da mobilet, saura Basfa 'yar asalin Italiya samfurin Sprint 150, in na samo mai lafiya wadda ba a taɓa ba zai biya miliyan ɗaya da rabi. Kuma wannan ba ƙarya ba ce a kanta, akwai masu kuɗin da ke sayen irin waɗannan su ajiye, a Turai ma kasuwa ce guda, abin da suke nema shi ne fentin asali da lambar bodi da ta inji da takardu. Har bayani ya yi min, yace in duba lambar bodi ta fara da VLB1T, ta inji kuma VLB1M. Sannan ya turo min dubu 50 wai kuɗin mai in yi yawon nema. Alat ya shigo, na je POS na cira da hannuna, kuɗi ne na gaske. Ɗan damfara ne ke fara tura maka kuɗi? Ku gaya min.

To shi na biyun, wato dillalin, ranar Alhamis na haɗu da shi a kasuwar Maigatari. A'a, ina jin na fara ganinsa tun kafin nan a wajen mai shayi, ya zauna kusa da ni ana hirar babura, amma ranar Alhamis ɗin ce ya kawo maganar. Yace akwai wani tsohon hedimasta da ya rasu a wani ƙauye, ya bar Basfa a zaure, da kuɗin Udoji ya saye ta a 1975 zamanin Gowon, lokacin da malaman makaranta da ma'aikata suka samu ariyas kowa ya hau sabon babur. Magada suna so a sayar a raba gado. Ni ban taɓa gaya masa maganar Alhajin Abuja ba, sai na ce Allah ne ya haɗa. Ashe bakinsu ɗaya.

Da muka shiga zauren ya ɗaga wata tsohuwar tabarma, ga ta nan, shuɗiya mai haske, ƙura ta rufe ta, har da kashin kaji a kan kujera. Tambarin Vespa a gaba, safaya a jiki, tsohuwar lambar KN ta tun kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991. Muka zuba mai da ɗan baƙin mai, aka goge fulogi, ana dukan kik ta tashi, ga giyar hannu tana shiga lafiya lau. Na duba lamba kamar yadda aka ce min, VLB1T tana nan. Akwai wani dattijo a zaune da carbi wai ƙanin mamacin ne, ina ce masa Baba yana sa min albarka, ya fito da rasit wanda ya yi ja saboda tsufa. Na kira Alhaji ta bidiyo na zagaya masa ita, yace "Malam ita ce, kar ka bar ta ta kwana, ka biya, direbana zai taso da mota da kuɗinka." Me kuma ya rage wanda mai hankali zai duba?

Sun ce miliyan ɗaya, muka daidaita a dubu 900. Dubu 600 tiransifa ta wani asusu da suka ce na babban ɗan mamacin ne, dubu 300 kuma a hannu na ƙirga wa Baban. Dubu 600 ɗin kuɗin riɗina ne na bana gaba ɗaya. Dubu 300 kuma na Yayana ne, kuɗin sansa da ya ba ni ajiya, har yanzu bai sani ba, to yanzu dai zai gani a nan. Yaya kai haƙuri, zan biya ka in sha Allahu.

Ina kai ta gida lambar Alhaji ta mutu. Na ce ko caji ne. Washegari a kashe, WhatsApp an cire hoto, ta dillalin ma a kashe. Duk da haka ban tsorata sosai ba don kaya na hannuna, na ce ai wani mai kuɗin zai saya. Sai na ɗora ta a mota zuwa Kano wajen wani tsohon bakaniken Basfa da aka kwatanta min ta wajen Ƙofar Ruwa. Ko minti biyar bai yi ba yace "Ɗana, wannan Bajaj Chetak ce 'yar Indiya." Yace Bajaj sun daɗe suna haɗa Vespa da izinin kamfanin Piaggio mai Vespa har zuwa 1971, sai a 1972 suka fito da Chetak a kan zubin Sprint ɗin, shi ya sa suke kama da juna sosai. Ya buɗe kafireta, Spaco ce ta Indiya, ta Italiya Dell'Orto ake sa mata. Yace wannan kaɗai ba hujja ba ce don ana canzawa, amma ya kankare fenti a wajen lambar, sai ga sawun garanda, an goge ta asali an buga sabuwa da hannu, haruffan ma a karkace. Tambarin gaban sabo ne aka dafar da shi. Yace in na samu dubu 150 in karɓa in gode Allah.

Dubu 900 a kan abin dubu 150. Su dubu 50 kawai suka zuba a matsayin tsaba.

Na koma ƙauyen, zauren a kulle. Mai unguwa yace gidan na wani ne da ya koma birni, wasu baƙi ne suka roƙi aron zauren wai za su ajiye buhunan gero, kuma tunda yake ba a taɓa yin hedimasta a gidan ba. Dattijon da nake ce wa Baba babu wanda ya san shi. Da carbinsa fa. Kuma ni da bakina na ce masa Allah ya jiƙan mamaci.

Ina da hoton alat ɗin dubu 50, da rasit ɗin dubu 600, da muryoyin da Alhajin ya turo, da hoton dillalin ta gefe wanda ya shiga bidiyon da na ɗauka. Na kai rahoto, an ce kar in saki lambobi tukuna, amma da an ba ni dama zan zuba su duka a nan kowa ya gani.

In baƙon murya ya kira ka yana neman tsohon babur, sannan wani ya ɓullo da irinsa, ka gudu. Kar ka biya sai bakaniken da ya san Basfa ya duba, kuma ka tambayi mai unguwa kafin ka shiga zauren kowa. Na ji an ce yanzu sun fara kiran mutanen wajen Kazaure da maganar Roadmaster, wanda duk aka kira ya yi min magana ta inbok.