Rifilekta ko filasha: wanne zai gyara duhun fuska a hoton waje?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tunda korafin da ake yi wa hotunanka na waje shi ne fuska tana yin duhu, kuma tsakanin rifilekta da filasha kake son zaɓa, to rifilekta za ka saya, wato faifan yadin nan da ke mayar da hasken rana kan fuska. Ka nemi mai fuska biyar ɗin nan da ake ninkewa, mai faɗin santimita 110. Idan kai kaɗai kake fita aiki ba mai riƙe maka, na santimita 80 ya fi sauƙin sarrafawa da hannu ɗaya.

Na buɗe hotunan da ka ɗora na dube su da kyau. Waɗanda suka ce fuskar ta yi duhu gaskiya suka faɗa, sai dai ba su ƙarasa maganar ba, domin duhun iri biyu ne. A hoton farko sararin sama ne ya cika bayan yarinyar, kamara ta auna hasken saman ta rage komai, fuskar ta nutse. Wannan ba sai ka sayi komai ba. Ka ƙara +1 a wurin daidaita haske, ko ka sa kamarar ta auna kan fuska kawai. A sauran kuwa rana tsaka ce, haske na saukowa daga bisa kai, ƙashin gira ya jefa inuwa cikin idanu, hanci ya jefa a kan leɓe, haɓa ta jefa a wuya. Irin wannan ko ka ƙara haske a kamara ba zai gyaru ba, goshi zai ƙone tun kafin ido ya fito. Nan ne ake bukatar wani haske daga ƙasa ko daga gefe, kuma nan rifilekta yake cin kasuwarsa.

Nawa ya daɗe a hannuna, har jakarsa ta yage na ɗinke, kuma ba na fita ɗaukar hoton mutum ba tare da shi ba. Na tuna wata rana ina ɗaukar ƙanwata a gindin wata bishiya, rana ta take. Ganye sun yayyanka hasken, fuskarta ta yi dabbare-dabbare, wani wuri fari fat, wani wuri baƙi. Na zuge zif na cire rigar rifilektan, ya rage farin yadin tsakiya mai shara-shara, na ba ɗanta ya hau kan dutse ya riƙe mata a saman kai. Nan take dabbaren ya ɓace, hasken ya kwanta lumui. Sai na sa ta riƙe farar rigar da kanta a daidai ƙirji, ƙasa da inda hoton zai yanke. Ina kallo ta cikin kamara, sai ga wani ɗan ɗigon ƙyalli ya bayyana a ƙwayar idonta, kowane ido da nasa. Wannan ɗigon shi ne ke sa ido ya yi rai a hoto. Hoton yana bangon ɗakinta har yau, kuma ban taɓa shi da gyaran kwamfuta ba sai ɗan yanke gefe.

Abin da ya sa nake nace maka shi ne, da rifilekta abin da idonka ya gani shi kamara za ta ɗauka. Ka matsar da shi kusa, ka ga inuwa ta yi sauƙi. Ka karkata shi kaɗan, ka ga hasken ya koma kunci. Kana koyon haske ne da idonka kafin ka danna.

Fuskokin biyar ba ɗaya suke ba. Fara ita ce ta kullum, haskenta mai laushi ne, sai dai dole a kawo ta kusa sosai, kamar tsawon hannu daga fuska. Mai launin azurfa ta fi ƙarfi kuma tana jifa daga nesa, ta dace da ranar da hadari ya rufe ko cikin inuwa mai zurfi, amma a tsakar rana tana kashe ido, mutum ya yi ta runtsewa har da hawaye, kuma tana fito da maiƙon goshi. Mai launin zinare ka yi hattara da ita, tana mayar da fata ruwan lemo, ga farin tufafi su yi ɗorawa. Ni sai dab da faɗuwar rana nake juyo ta, shi ma ba kullum ba. Baƙar kuma shanye haske take yi, ana sa ta a gefe ɗaya idan fuska ta yi shafal ba inuwa ko kaɗan, don kunci ya fito da siffarsa. Matsalar rifilekta biyu ce: yana son mai riƙewa, kuma iska na ɗaukarsa. Ranar da ake iska, sai mai riƙon ya dafe shi da hannu biyu ya jingina da cinyarsa.

Filasha ina da ita, na saya da ɗoki, yawancin lokaci tana kwance a jaka. Ba na cewa ba ta da amfani, da daddare ko cikin ɗaki babu kamarta. Amma a rana za ta haɗa ka da lissafi. Yawancin kamarori ba sa tafiya da filasha idan gudun shata, wato ƙofar da ke buɗewa ta rufe don haske ya shiga kamara, ya wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa. A rana mai ƙarfi da ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin yadda kamara ke jin haske), wannan gudun zai tilasta maka tsuke kafar lens zuwa wajen f/11, abin da ke bayan mutum ya fito tar, wannan dishi-dishin da kake so ya tafi. In kana son buɗe kafar zuwa f/2 a irin wannan rana, shata sai ya kai wajen 1/6400, wato sai filasha mai HSS, tsarin da ke ba ta damar bin shata mai sauri, kuma HSS yana cinye mata ƙarfi sosai. Ga shi idan tana zaune a saman kamara haskenta ɗan ƙarami ne mai kaifi, yana dukan fuska kai tsaye. Kafin ta yi kyau sai ka ƙara mata sanda da lema da na'urar tayar da ita daga nesa. Wannan karatun gaba ne.

Akwai kuma batun gyaran da kake nema a wajen mutane. Idan ka ɗora hoton filasha ya yi muni, mai dubawa ba zai iya sanin ko ƙarfinta ne ya yi yawa, ko nisa, ko saitin kamara ba, sai kowa ya yi ta harbin iska. Da rifilekta kuwa za ka iya ɗaukar mutum ɗaya a wuri ɗaya sau biyu, ɗaya da shi ɗaya babu, ka ɗora su tare. Ka rubuta ƙarfe nawa ka ɗauka, ina rana take, da ISO da shata da f. Sannan ka yi tambaya guda, misali ko inuwar ƙarƙashin ido ta ragu yadda ya kamata. Ku kuma 'yan'uwa masu ba da gyara, don Allah a daina tsayawa a "ya yi duhu" ko "sayi filasha". Ku nuna masa wurin, ku faɗi abin da ya jawo, ku ambaci abin da ya yi daidai don kada ya watsar da shi. A hotonsa na biyu, yadda ya sa yarinyar ta ɗan juya kafaɗa ya yi kyau ƙwarai, ban ga wanda ya faɗa masa ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayarwa. Wasu za su rantse maka filasha tana aiki da kowace kamara, alhali TTL, wato tsarin da kamara ke auna wa filasha ƙarfi da kanta, na Canon daban, na Nikon daban, na Sony daban. Ko Godox ma, kamfanin da ke yin filasha, kowane kamfanin kamara da irin tasa yake fitarwa. Wasu za su ce akwai HSS babu. In ta hannu ce, ka buɗe gidan batir ka duba ko ya yi tsatsa ko farin gari, ka harba ta da cikakken ƙarfi a jere ka ga ko tana dawowa cikin daƙiƙu kaɗan. A rifilekta ma ana yin ha'inci. Ka sa a buɗe shi a gabanka, ka auna faɗinsa, domin ana rubuta 110 a jaka a saka ƙarami a ciki. Ka zuge zif ka tabbata yadin tsakiyar yana nan, ka murza ɓangaren azurfa da yatsa ka ga ko yana ɓarewa, ka bi zoben ƙarfen da hannu ko akwai inda ya karye. Kafin ka bar wurin, ka sa mai sayarwar ya nuna maka yadda ake murɗa shi ya ninku gida uku ya koma jaka, ka gwada da hannunka a gabansa.