PSNR, SSIM ko VMAF: Duba Ma'auni Kafin Ka Sayi Manhajar Matse Bidiyo

Kowane mai tallan manhajar matse bidiyo cewa zai yi tasa tana rage nauyin fayil hoto bai lalace ba, har ya nuna maka maki. Kafin ka zaro kuɗi, tambaye shi da wane ma'auni aka samo makin nan.

PSNR shi ne tsohon hannu. Ɗigo-ɗigo yake kwatanta hoton asali da wanda aka matse, ya lissafa bambanci. Yana da sauri, sai dai bai san ido ba: gusar da hoto da ɗigo ɗaya kacal, mai kallo ba zai lura ba, amma makin sai ya faɗi. Wanda PSNR kaɗai ya kawo maka, bai gaya maka komai ba tukuna.

SSIM ya fito a 2004 daga hannun Zhou Wang, Alan Bovik, Hamid Sheikh da Eero Simoncelli. Shi fasalin abin da ke cikin hoto yake dubawa, domin nan idon mutum ya fi kamawa. Har kyautar Emmy ta harkar talabijin aikin ya ci a 2015. Rauninsa, hoto ɗaya-ɗaya yake bi, babu ruwansa da motsi.

Ni dai VMAF nake fifitawa. Netflix ya fitar da shi a 2016. Mutane aka zaunar suka kalli bidiyo suka ba da maki, sannan aka koya wa kwamfuta haɗa wasu ƙananan ma'aunai, ciki har da na motsi da kuma VIF, mai auna yawan bayanin hoton asali da ya tsira bayan matsewa, na ɗakin binciken Bovik a Jami'ar Texas da ke Austin, don ta riƙa hasashen hukuncin ɗan Adam. Makinsa daga 0 zuwa 100 ne, kyauta yake, kuma yana aiki da manhajar sarrafa bidiyo ta FFmpeg, ko da yake ya fi sauran cin lokaci.

Amma fa a nan 'yan talla ke yin wayo. Ainihin samfurin VMAF an gina shi ne kan talabijin 1080p, mai kallo na zaune nesa da allo ninki uku na tsayin allon. Akwai wani na waya, wanda ke ba bidiyo ɗaya maki mafi yawa saboda ƙaramin allo na ɓoye aibi. To na wanne aka nuna maka? Haka kuma ƙara wa hoto kaifi kafin matsewa na kumbura makin. Shi ya sa aka fito da nau'in NEG, wanda ba ya ƙara maki don an ƙara kaifi, kuma sakamakonsa ya kamata ka nema. Layi-layin da ke fitowa a sararin sama mai duhu ma kan kuɓuce wa VMAF, sai ka haɗa da CAMBI, ma'aunin da aka yi don gano irin layin nan.

In babu bidiyon asali a hannunka, duk ukun ba su da amfani. Sai ma'aunan da ba sa buƙatar na asali, irin su NIQE ko BRISQUE, amma su don hoto tsayayye aka yi su.

Ka nemi gwaji da bidiyonka na kanka, ba wanda suka zaɓo ba. Ba su mai wuyar matsewa, kamar ruwan sama, ciyawar filin ƙwallo ko wurin dare, ka kalla a irin allon da masu kallonka ke amfani da shi.